Idon Bishop Ya Zo Duba Ajinmu

Sabo, Ibadan
4 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Haulatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji da dukkan mutanen Fagge, ina sanar da ke cewa wannan rubutu nawa ne, ni Nata'ala, da hannuna, ba wanda ya riƙe mini biro. Saboda haka ki daina kirana a waya. Mutumin da ya iya rubutu ta takarda ake samunsa. Direban motar goro zai riƙa kawo miki, ki riƙa ba shi amsa.

Kin san ajin yaƙi da jahilci da nake zuwa bayan la'asar, a ɗakin da cocin Angalika na bayan unguwar Mokola ya ba mu aro. Mu goma sha tara ne, kuma da yake na fi kowa shekaru da natsuwa, na karɓi shugabancin ɗalibai tun kafin a roƙe ni. Saura wata uku mu yi jarrabawa a ba mu satifiket. To jiya malamarmu, Malama Muhibbat, ta ce an naɗa sabon Acidikin, wani babba a coci, zai zo duba gine-gine, kuma zamanmu a ɗakin ya dogara ga abin da idonsa ya gani. Ɗakin kuwa bangonsa ya tsage har hannu na shiga, kwanonsa na yoyo wuri uku.

Ban yi gaggawa ba, domin ba a tarbar mai sarauta ba a san asalin sarautarsa ba. Na zaunar da Baba Katikis, tsohon ma'aikacin cocin, wanda shekara ashirin ke nan yana cin gorona. Ya ba ni tarihi da Yarabanci, ni kuma na rubuta da Hausa, shafi huɗu. Ga taƙaitaccensa.

A zamanin farko masu hidimar coci dikin ake kiransu, su ke raba abinci ga marayu da matan da mazansu suka rasu. Babbansu shi ne Acidikin, ana yi masa kirari da Idon Bishop, don abin da Bishop bai gani ba shi ke gano masa. Daga baya a Turai sarautar ta yi ƙarfi, har kotu gare su. In sun fita rangadi sai su ɗebi jama'a su cinye abincin garin da suka sauka, har sai da manyan coci suka zauna suka hana su wuce dawaki bakwai. Sa'an nan aka rage musu ƙarfi, aka bar musu duba limamai da gine-gine. A fahimtata, Bishop ne sarki, wannan kuwa Waziri da Sarkin Gini ne cikin riga ɗaya.

Na san yadda ake tarbar irin wannan baƙo. Ba za mu ji kunya ba.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki, Malam Nata'ala, Shugaban Ɗalibai

Fagge, Kano
11 ga Mayu

Autan Inna,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso tana ƙanshin goro. Na karanta sau biyu, na farko don in gane, na biyu don in ji daɗi. Shekara talatin ina koyar da 'ya'yan wasu, kai ka ce boko na marasa jari ne. Yau ga shi har da shafi huɗu. Allah Ya ƙara ilimi.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Wannan “na san yadda ake tarba” na san shi tun kana yaro. Mu a makaranta in sufeto zai zo, ajin da ya fi lalacewa muke kai shi, mu ba shi kujera mai ƙafa uku. Da haka muke samun gyara. Ka tambayi malamarku me take nufi tukuna. Mutumin da kai da kanka ka ce aikinsa gani ne, ka bar shi ya gani.

A gaida matarka Ashatu, ka ce mata ina nan tafe bikin 'yarku Rahmatu. Allah Ya sa kayan ɗaki sun kammala.

Yayarka, Haulatu

Sabo, Ibadan
23 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Haulatu,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, shawararki ta iso, na kuma duba ta. Sai dai sufeton firamare daban, sarautar da ta haura shekara dubu daban. Ban tambayi Malama ba, don kada ta zaci ban gane darasi ba.

Ranar ziyara da hantsi na tara ɗalibai maza. Kayan ɗakin Rahmatu suna jibge a gida ba abin da suke yi, sai na aro su yayin da Ashatu ta tafi kasuwar Bodija cefane. Labule mai ruwan zinariya ya rufe tsagar bango. Zannuwan gado muka kafa a sama, kwano ya ɓace. Muka shimfiɗa kafet, muka kunna turaren wuta. Wanda ya shiga sai ya cire takalmi ba a ce masa ba.

Acidikin Fajobi ya iso a ƙaramar mota, shi da direba kawai, na ga lallai an rage musu ƙarfi. Malama ce ta shigo da shi. Da ta ga ɗakin sai ta dafe ƙirji, ta matso kusa da ni tana cewa, “Baba Nata, ina tsagar? Wata biyu ina rubuta takarda a zo a ga tsagar nan.” Na ce ta kwantar da hankalinta. Na miƙa ƙwaryar goro, na karanta tarihin duka shafi huɗu. Ashe mutumin ya yi aiki a Zariya, Hausa a bakinsa kamar ɗan Tudun Wada. Ya ce, “Malam, maganar dawakin nan ko a makarantar limamai sau ɗaya na ji ta.” Ki lura da wannan.

Sa'an nan ya zagaya ɗakin, ya ce bai ga mai kyansa ba a duk ƙasar da aka ba shi. Ya ce dama sabuwar sarauta ce a wannan yanki, ba shi da ofis, ga shi Allah Ya kawo. Ya yi mana godiya a kan kayan ado. Washegari aka kawo teburinsa.

Yanzu a gindin mangwaro muke karatu, ga damina. Jiya ruwa ya wanke allo muna tsakiyar haɗa jimla, mutum shida sun daina zuwa, Malama kuma ta ce in aka ƙara raguwa za a rufe ajin. Abdulƙadir mahauci, ɗan ajinmu, yana kirana Sarkin Labule. Kayan kuwa, kin san abin da babba ya yaba har ya yi godiya, ba a komawa a ce aro ne. Na shaida wa Ashatu suna wurin ajiya mai tsaro. Ina nazarin tarihin ko akwai wata hanya.

Wassalam.
Malam Nata'ala

Fagge, Kano
30 ga Mayu

Sarkin Labule,

Ina gaisuwa. Kada ka wahalar da biro, Ashatu ta kira ni, ita ba ta hana waya ba. Bari in faɗa maka abin da za ka tsallake a takardarka ta gaba.

Ta ce matar Abdulƙadir ce ta nuna mata wurin ajiyar. Ta yafa mayafi ta tafi da Rahmatu, kai kana binsu a baya kana “Hajiya, a bi ta hanyar da ta dace.” Ta tarar da Acidikin, bawan Allah, yana rubutu, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, “Ranka ya daɗe, a ɗan ɗaga ƙafa, kafet ɗin amarya ne.” Ya ɗaga. Ta naɗe. Ta ja labule, sai ga tsaga, har ƙadangare ya leƙo. Da Rahmatu ta fizge zanin gadon sama, ruwan da ya taru a ciki ya sauko masa a kan tebur.

Ta ce ya daɗe yana kallon bango, sai ya fashe da dariya har yana share ido. Ya ce, “Malam Nata'ala, kai ka karanta mini cewa ni ido ne, kai kuma ka ɗaure ni da zanin gado.” Kai kuwa wai ka amsa da cewa a shafi na uku akwai bayanin hakan. Ashatu ta ce masa, “Ranka ya daɗe, mutanen nan ruwa na dukansu a gindin bishiya, har da wannan tsohon. In ya rasa satifiket ɗin nan ni zan sha surutu har in mutu.”

Daga nan katin wayarta ya ƙare. Me ya ce? Ka ba direba amsa gobe, in ba haka ba wallahi zan kira ka.

Haulatu

Sabo, Ibadan
6 ga Yuni

Zuwa ga Yaya Haulatu,

Bayan gaisuwa, ina sanar da ke cewa shirin da na fara ya kai ga nasara. Acidikin ya kwashe teburinsa, ya sa magina sun ɗinke bango, an sauya kwano, mun koma ɗakinmu. Mutum shidan sun dawo. Ya nemi kwafin tarihin, na ƙara shafi na biyar a kan ziyararsa, ban da abubuwan da ba su shafi sarauta ba.

Sharaɗi ɗaya ya gindaya, wai mai ido irin na Hajiya Ashatu bai kamata a bar ta a gida ba. Saboda haka mun zama ashirin, kuma kusa da ni aka zaunar da ita. Cikin kwana biyar ta kai harafin da ya ci mini wata guda.

Daga yau, in kina da magana a kaina, ki kira ni a waya, don takarda ta kusa daina riƙe sirri a gidan nan.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki, Nata'ala