Rediyon Yaya Mai Tafiyar Hawainiya

Zuwa ga Yaya Thaddeus,

Gaisuwa daga Garki. Yaya ƙafar Mama? Yaya Serah da yara? Ni lafiya lau, ina cin abinci.

Allah ya saka da alheri da 'yar rediyon kwamfuta mai araha da ka aiko min, wadda ka ce tana jin duk tashar da ke cikin iska. Gaskiyarka, tana ji. Sai dai bi take yi ɗaya bayan ɗaya, kamar mai karɓar haraji a kasuwa, rumfa-rumfa.

Ka san ni ke kula da lasifika a zauren biki. Ran Asabar, fasto na sa wa amarya albarka, sai muryar wani mai oba-oba, rediyon hannu irin na masu gadi, ta faɗo cikin tashar makirfonmu marar waya: "Oga na son ruwan sanyi!" Kowa ya yi dariya ban da Madam mai zauren. Ta ce, "Meshach, in ya sake faruwa, ka nemi wani aiki."

Dole in gano tasharsa in kauce mata. Amma magana ɗaya yake yi ya yi shiru. Kafin rediyonka ta zagayo kansa, shayina ya huce, ogansa ya daɗe da shan ruwa. Ko tarinsa ban kama ba, ga wani bikin ran Asabar mai zuwa. Kar Mama ta ji, ku dai sa ni a addu'a.

Ƙaninka,
Meshach

Af, Yaya, da mai shagon da ya sayar maka da rediyon ya rantse maka tana da sauri, da wa ya ce ta yi tsere?