Farin Alawayyon Anasara

Zuwa ga yayana Rabo, a Matankari.

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan Inna da yara suna lafiya. Ni lafiya lau, tarin ma ya yi sauƙi.

Har yanzu muna jejin Tawa, muna tono wa Anasara ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare tun kafin kakanninmu. Kowane ƙashi sai ya naɗe shi da farin alawayyo kamar jariri.

Ranar Talata rami ya rufta da maƙwabcinmu Gambo. Na roƙi kamu goma na alawayyon don likkafaninsa, Anasara ya ce na ƙashi ne. Da tabarmarsa muka binne shi.

Ka faɗa wa matarsa Hure a hankali. In ta tambaya, ka ce an yi masa sutura. Alhakin ƙaryar a wuyana.

Ƙaninka, Mani.