Leda Ɗaya Daga Hannun Yaya

Zuwa ga Yayana,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara, da ɗalibanka da suka sa ka furfura tun lokacinta bai yi ba. Yaya ƙafar nan taka mai tashi idan an yi sanyi? Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Na san ganin rubutuna zai ba ka mamaki bayan shekara bakwai. Sau uku na kira wayarka a makon nan, tana ta ƙara har ta katse. Ban ga laifinka ba. Shi ya sa na ba direban da ke bi ta gaban makarantarku wannan takarda, don ita ko an ajiye ta a kan tebur tana nan tana jira.

Yaya, har yanzu ina cikin ƙungiyar nan ta masu ba da jini kyauta, wadda ba ka son jin sunanta. Duk Asabar muna haɗuwa a ɗakin bayan kyamis, kan bencinan da na haɗa da hannuna. Shugabarmu tsohuwar nas ce, Sista muke ce mata. Mu arba'in da 'yan kai ne, amma mu uku kaɗai ke da irin jinin nan da ba a cika samu ba: ni, da wani makanike da ya bar garin bara, da wata mai kitso da yanzu take da juna biyu.

Akwai wata yarinya, 'yar telan da shagonsa ke kallon nawa. Shekararta tara, tana da sikila, jininta irin nawa ne. Shekara huɗu ke nan duk lokacin da jininta ya yi ƙasa ni ake kira, in ajiye zarto in tafi. A ɗakin yara na asibiti Alƙaliya suke ce mata, don ita ke yanke hukuncin wanda zai kwanta kusa da taga da wanda za a juya wa fanka. Ta taɓa ce mini, “Kawu, tun da aka fara sa mini jininka nake jin ƙamshin katako a hancina. Ka riƙa wanka kafin ka zo.”

Watan jiya na je bayarwa, aka soki ɗan yatsana aka gwada jinin, aka ce in jira. Ƙarshenta likita ta zaunar da ni ta ce ƙodata ta fara gajiya, jinina ma bai ishe ni ba balle in ba wani. Ta ce na gama ba da jini har abada. Kada ka damu, ina shan magani, ina kuma aikina.

Ka tuna lokacin da aka yi wa Baba aiki, aka gwada mu duka biyu, aka ce jininmu iri ɗaya ne? To, abin da ya sa na rubuto ke nan. Yarinyar ta fara ɗashewa. Tafiyar awa huɗu ce tsakaninmu. Ba sai ka gan ni ba. Ka nemi Sista a asibiti, minti ashirin an gama.

Ka gaida Anti da yara.

Ƙanenka,
Kafinta

*

Yayana,

Ina sake gaishe ka, da fatan kowa yana lafiya a gidan. Direba ya ce hannu da hannu ya ba ka takardata, ka sa a aljihun gaba. Yau kwana goma.

An kwantar da Alƙaliya tun ranar Lahadi. Idanunta sun yi rawaya, ƙafafunta ba sa taɓuwa saboda zafi. Jiya na shiga na tarar an juya fanka wajen da bai dace ba, tana kallo ba ta sa an gyara ba.

'Yan ƙungiya sun yi iya yinsu. Mun ɗauki lasifika mun zaga tasha da kasuwa, mun tsaya a ƙofar kwaleji har rana ta faɗi. An gwada mutum sittin da biyu, ba a dace da ko ɗaya ba. Mai kitson nan ta zo da cikinta wata bakwai ta miƙa hannu, Sista ta kore ta da faɗa, sannan ta koma bayan labule tana share ido. Mun kira makanike, lambarsa ba ta shiga. Shi kuwa tela ya rufe shago, yana zaune a ƙasan barandar asibiti da tef ɗin awo a wuyansa, ya manta bai cire ba.

Tunda na fara, bari in faɗi abin da ya kamata in faɗa tun shekara bakwai. Ranar da Inna ta rasu, sau biyu ka kira ni da safe. Na ce maka ina zuwa, saura mutum biyar a layin masu ba da jini. Da na iso har an rufe mata fuska. Ka tare ni a bakin ƙofa ka ce, “Ka raba wa duniya jininka, uwarka ko awa ɗaya ba ta samu ba.” Ni kuma na ɗaga maka murya, na ce aikin lada nake yi, wai kai wa ka taɓa taimaka wa. Kai da ka yi wata biyar kana juya ta a kan gado, kana wanke mata zane.

Yaya, ƙarya na yi. Akwai mutum shida da za su iya kula da layin nan ba ni ba. Tsoro ne ya hana ni zuwa. Tun da ta daina gane ni na kasa shiga ɗakinta. Ya fi mini sauƙi in tsaya cikin baƙi suna sa mini albarka, da in zauna kusa da ita tana tambayata ni ɗan wane ne. Na ɓuya a bayan ƙungiya, mutane suna yabona, ni kaɗai na san abin da nake gudu. A shekarar har allon yabo suka ba ni. Yana ƙarƙashin teburin aikina, fuskarsa a ƙasa.

Ban faɗi wannan don in saye ka da shi ba. Ko ka zo ko ba ka zo ba, gaskiyar taka ce, ka daɗe da cancantar jin ta. Abin da kawai nake roƙo, kada laifina ya shafi yarinyar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Ka gaida Anti. Ka ce mata ban manta da alherinta ga Inna ba.

Ƙanenka,
Kafinta

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fatan ka koma lafiya, hannun kuma bai kumbura ba. Sista ta ce ka ƙi shan lemon da ake bayarwa, to da fatan ka ci abin kirki a hanya.

Ita ta ba ni labari. Ta ce ranar Alhamis da safe wani mutum ya shigo yana ɗan ɗingishi, da ƙurar alli a hannun rigarsa, ya ce an ce ya neme ta. Ya kwanta ya juya fuska bango, don ba ya iya kallon allura. Bai tambayi kowa ba, sai da aka gama ya ce, “Tana jin zafi sosai?” Ta kai shi ƙofar ɗakin yara, ya daɗe yana leƙawa ta gilashi, sannan ya ce zai bi motar sha biyu. A lokacin ina shago ina goge ƙafar tebur, tsakaninmu bai kai tafiyar minti biyar ba.

Haƙƙinka ne ka san abin da ledar jinin nan ɗaya ta yi. Ranar Juma'a ta tashi zaune ta nemi abinci. Asabar ta kori wani yaro daga gadon taga, ta ce ya wuce kwanakinsa. Litinin aka sallame ta. Ta je makaranta kwana biyu, ta yi dambe da ƙanwarta a kan ribon ɗin gashi, ta kuma ci nasara. Ta zauna a kan bencina tana kaɗa ƙafa, ta ce, “Kawu, wannan jinin ba naka ba ne. Tun da aka sa mini nake son yi wa mutane faɗa.” Na ce na wani malami ne. Ta ce, “Shi ya sa.” Ta tambaye ni ko na san shi, na ce yayana ne. Ta ce to me ya hana shi shigowa su gaisa. Na ce mata yana sauri ne.

A kwana na tara da ƙarin jinin ƙirjinta ya riƙe. Likita ta ce wannan karon ba maganar jini ba ce, huhunta ne ciwon ya kama. Da yamma, babanta yana riƙe da hannu ɗaya, uwarta tana riƙe da ɗayan, Allah ya karɓi abarsa. Ina cikin ɗakin, Yaya. Ƙafafuna sun so su fitar da ni, na dafa ƙarfen gadon na tsaya har ƙarshe.

Kada ka ce wahalarka ta tafi a banza. Uwarta ta ce in gaya maka, a cikin shekara biyun nan ba ta taɓa ganin 'yarta ta yi gudu ba sai a kwanakin nan.

Ranar Asabar mun zauna a bayan kyamis, ba wanda ya iya buɗe taro. Na ce zan ajiye aiki tunda ba ni da abin bayarwa. Sista ta ce ba ta karɓa ba, tana buƙatar mai riƙe hannun masu tsoron allura. Na ce to.

Jiya tela ya buɗe shago karon farko. Da rana ya tsallako da riga a ninke, fara, ɗinkin hannu a wuya. Ya ce ba shi da abin da zai ba malamin sai sana'arsa. Da awona ya yanka, ya ƙara yatsa biyu a kafaɗa, don na ce masa ka fi ni faɗi. Sai bayan ya tafi na tuna cewa siffarka ta da nake faɗa masa. Ban sani ba ko ka rame, ko ka yi ƙiba.

Tela ya hana ni ba direba rigar. Ya ce bai taɓa sallamar riga ba tare da ya gan ta a jikin mai ita ba, kuma ba zai fara a kan wannan ba. Bai ma ɗinke bakin hannun ba tukuna, allura tana maƙale a jiki. Na rataye ta a shagona, na lulluɓe da leda saboda ƙurar katako.

Ka gaida Anti da yara.

Ƙanenka,
Kafinta