Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Zuwa ga Yayana Shu'aibu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga wanta, tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan sana'a. Na rubuto maka ne a nan shafinka, inda masoyanka suke karantawa, tunda wayarka yanzu sai mai sa'a ke samu. Su ma su ji, ai da su aka yi abin.

Ka san kai ne ɗan farin Inna. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunanka a gaban mutum ba. Kai ne "Yayanku", in ta ji haushi kuma "wancan mai gurmin". Ko wani Shu'aibun ne ya shigo tallan manja, sai dai ta ce mai sunan yaron nan. Muna yara muna yi mata dariya, ba mu san nan ne ta ɓoye son da take maka ba.

Ka tuna ranar da Baba ya rantse sai ya fasa gurminka, saboda ka bar noman gyaɗa ka bi 'yan gayya kana yi musu waƙa? Aka nemi gurmi sama da ƙasa aka rasa. Sai bayan ya huce aka gan shi a cikin rumbu, an lulluɓe shi da zanin Inna. Har yau ba ta ce ita ta ɓoye ba.

Daga gayya ka koma rera waƙa a tashar Ɗanbatta ranar kasuwa, daga nan sai Kano, inda aka haɗa maka gurmi da fiyano. Ka yi wa gero waƙa, ka yi wa ruwan farko, ka yi wa kan iyakar gonarmu mai aduwa. Mun yi alfahari da kai, wallahi. In aka sako ka a rediyo, Inna sai ta miƙe wai za ta duba awaki, ta je ta tsaya daidai inda sautin ke kaiwa. Awakin nan sun sha dubiya.

Shekarar da abubuwa suka tsaya maka, ka kira ni kana cewa ko Inna ba ta damu da kai ba. Tausayinka ya sa na faɗa maka abin da ni kaɗai na sani: in tana niƙa geron kunu a dutsenta na gindin danga, takan yi waƙa ƙasa-ƙasa, kuma a cikin waƙar tana kiran sunanka, tana roƙon Allah ya kai ka ya dawo mata da kai. Ka yi kuka a wayar. Na ce maka amana ce, ka ce ko a kabari ba za ka faɗa ba.

Kai ɗan garin nan ne, ba sai an koya maka ba. Abin da mace ta faɗa a kan dutsen niƙa, wanda ya ji ta bayan danga yakan yi kamar bai ji ba.

Da ka zo Babbar Sallah ka ce kunun Inna kake kewa, ba ka son na inji. Tsohuwa ta durƙusa da ciwon gwiwarta ta yi maka niƙa. Ashe wayarka na saƙale a jikin danga tana ɗaukar murya.

A bikin 'yar gidan Malam Hadi muka ji. Tsakar gida cike da mata, Inna ta shigo da kwanon tuwo, sai sifika ta saki muryarta, da ƙarar dutsen da komai, tana kiran Shu'aibu, kiɗa na bi. Sai Goggo Tabawa, abokiyar wasanta, ta ce, "Ashe dai kin san sunan nasa?" Aka fashe da dariya. Inna ta ajiye kwanon a hankali, ta gyara mayafi ta fita. Ni ce na kwaso mata takalmanta.

Na san mutanen birni sun yi hawaye da waƙar, na ga abin da suke rubuta maka. Na kuma ji ka a rediyo kana cewa mahaifiyarka ce ta ba ka izini. Wannan ta fi yi min ciwo, Yaya. Ka ci amanata, ka tona asirin Inna, sannan ka ɗora mata maganar da ba ta yi ba.

Tun ranar ba ta sake zuwa biki ba. Dutsen ta kife shi, kaji ne ke hawa. Atamfar da ka aiko tana nan cikin ledarta.

Ban daina son ka ba, kada ka ɗauka haka. Har yanzu in na ji tsoffin waƙoƙinka a motar kasuwa, sai na ji kamar in ce wa na kusa da ni wana ne. Abin da nake roƙo kaɗan ne: ka janye waƙar, ka zo da ƙafarka ba tare da masu ɗaukar hoto ba, ka durƙusa.

Kuma ka yi sauri. Jiya na ce mata zan rubuto maka, ko tana da saƙo. Muna zaune da maƙwabta ana ɓarar gyaɗa. Ba ta sunkuyar da kai ba, ba ta rage murya ba, ta ce, "Ki ce wa Shu'aibu na yafe masa."

Haka ta faɗe shi a gaban kowa, kamar sunan ɗan maƙwabta. Babu wanda ya yi dariya.

Allah ya sa ka iso tun da sauran kunyarka a idonta. Allah ya ba ta lafiya, ya shirye mu baki ɗaya, amin.

Ƙanwarka da ta faɗa maka,
Hajara