Sunan da Na Ba Masu Baƙar Alkyabba

Litinin, 7 ga Mayu, 1246

Sun iso. Su biyu ne, masu binciken bidi'a da coci ta aiko, baƙar alkyabba a kan farar riga, ga magatakardansu a baya bisa alfadari. Jiya Fada Pons ya sanar a coci: duk baligin da ke Belroca, mace ko namiji, sai ya je gabansu ya rantse ya faɗi abin da ya sani game da Mutanen Kirki, masu wa'azin nan da coci ta haramta addininsu. Su dai ba sa cewa Mutanen Kirki, 'yan bidi'a suke cewa.

To, su zo. Ni Aladais, shekarata hamsin da uku. Na ga ranar da mayaƙan Faransa suka shigo garin nan da dawakai, ban gudu ba. Alkyabba ce za ta kore ni?

A kan guntayen fatar rubutun da marigayi Guiraut ya bari nake wannan. Shekara ashirin mijina yana kwafar littattafan soyayya da barade wa manyan mata, ni ina niƙa masa tawada, har na sace karatun a bayan kafaɗarsa. Inda nake ɓoye fatun, ni kaɗai na sani.

Alhamis, 10 ga Mayu

Ranar karatu. A da mata goma sha biyu ke zuwa gindin ɓaurena da mazarinsu, yau huɗu kacal. Na karanta duk da haka, na ma ɗaga murya don a ji daga hanya.

Mun kai wurin da aka jefa barde Galart a kurkuku saboda ya ƙi faɗin sunan matar da yake so. Shekara bakwai, ko harafin farko bai furta ba. Peirona, ƙanwar Guiraut, ta ajiye zare ta ce, "Yaya, wai barden nan ba shi da 'ya'ya ne? Shekara bakwai a rami don sunan matar wani!"

Na ce, "Ke dai kaɗa zarenki. Ba a rubuta littafin don masu zuciyar kaza ba."

Muka yi dariya. Tata ba ta yi nisa ba.

Asabar, 12 ga Mayu

Na hau dutse da kwando kamar mai neman ganye. Dona Ermessen, dattijuwa ɗaya daga cikin Mutanen Kirki, tana ɓoye a bukkar makiyaya har yanzu, tari na neman tsaga mata ƙirji. Ba ta cin nama, ba ƙwai, ba cuku, addininsu ya hana. Na dama mata kunun sha'ir, na dafa tafarnuwa da zuma, na shafa mata man zaitun mai ɗumi a baya.

Ta ce, "Aladais, jikin nan rigar Shaiɗan ce. Don me kike wahalar banke ta?"

Na ce, "Dona, tarin nan bai san addini ba. Buɗe baki."

Ni ba tasu ba ce. Ina cin alade, ina zuwa coci. Amma tsohuwar nan ita ta zauna da ni kwana tara lokacin da Guiraut ke jinyar ajali, sa'ad da Fada Pons ke tsoron zazzaɓin. Wanda ya kira ni zan je, ko da Shaiɗan ɗin ne da kansa ya yi tuntuɓe.

Talata, 15 ga Mayu

An kira Peirona. Ta wuce ta ƙofata a dawowa, kanta a ƙasa.

Laraba, 16 ga Mayu

Dakaru biyu suka zo da magatakarda. Ba su taɓa tulunan magani ba, ba su duba ƙarƙashin gado ba. Kai tsaye akwatin garin burodi suka nufa, suka zaro littafin Galart daga ƙasansa. Mutum biyu ne a duniya suka san yana nan: ni da Peirona.

Rubutun hannun Guiraut. Akwai shafin da ya zana mini ɗan tsuntsu a gefe.

Ban yi kuka a gabansu ba. Na ce wa magatakardan ya wanke hannu kafin ya buɗe.

Asabar, 19 ga Mayu

Ta zo. Ta tsaya a bakin ƙofa tana murɗa gefen zaninta.

"Yaya, sun ce ɗakin duhu har mutuwa. Sun san sunayen yarana huɗu, sun jero mini su ɗaya bayan ɗaya. Na ce kina karanta littafi, na ce Dona ta taɓa zama a wurin karatun. Ban faɗi inda take ba, na rantse da Budurwa Maryamu."

Na ce, "Don ba ki sani ba ne."

Ta ci gaba da murɗa zanin.

Na ce, "Littafin yayanki ne kika miƙa musu. Kada ki sake kirana Yaya." Na rufe ƙofa. Na daɗe ina jin ta tsaye a waje.

Baki shi ke yanka wuya, amma nata wuyan wasu yake yanka.

Talata, 22 ga Mayu

Makiyaya sun tsallake duwatsu da Dona Ermessen a kan jaki, da tulun zumata. Su neme ta yanzu.

Lahadi, 27 ga Mayu

Ranar Laraba aka kira ni, sai jiya na fito. Dole in rubuta.

Babbansu sunansa Fada Sicard. Siriri, magana a hankali kamar mai lallashin yaro. Tun daga ƙofa na ji warin ƙafarsa: gyambo ne a ƙwauri, ya naɗe da tsumma mai dauɗa. Littafina na gabansa.

Ya ce, "'Yata, wace ce matar da barden nan ya ƙi faɗin sunanta? Ba cocin 'yan bidi'a ake nufi ba?"

Dariya ta kuɓuce mini. Na ce, "Fada, mace ce. Tana da gashi da wuya da miji mai kishi. In ka kai shafi na arba'in za ka tabbatar ba coci ba ce."

Magatakarda ya sunkuyar da kai. Shi ko gezau.

Ya jero tambayoyi. Kin durƙusa wa Mutanen Kirki? Kin ci burodin da suka sa wa albarka? Kin ba su magani? Na ce magani na ba kowa a garin nan, har da Fada Pons ranar da basir ya hana shi zama. Na ce, "Kai ma, in ka bar ƙafar nan haka, kafin kaka za a yanke ta. A wanke da ruwan inabi, a cika da zuma, a sauya tsumma safe da yamma."

Ya ce, "Ki kula da ranki, ni zan kula da ƙafata. Ina Ermessen?"

Na ce ban sani ba. Kuma gaskiya ce, daga ranar Talata.

Ya ce wanda ya tuba da gaske suna yake bayarwa. Suna ɗaya. Aka sauke ni ƙarƙashin hasumiyar coci.

Kwana uku. Ba zan rubuta yadda wurin yake ba. A littafi ba a faɗi cewa akwai ɓeraye ba, ba a faɗi inda barde yake zagawa ba. A rana ta uku dabara ta faɗo mini. Na ce a kai ni.

Na ba su Isarn mai injin niƙa. Na ce ina wurin lokacin da yake bakin mutuwa, na ga Mutanen Kirki biyu sun ɗora masa hannu da littafinsu a ka. Haka kuwa aka yi. Amma Isarn shekararsa takwas a kabari! Su je su kama shi. Na ba su suna, ban ba su ko mutum ɗaya mai numfashi ba. Fada Sicard ya dube ni ya daɗe, ya ce, "A rubuta."

Wannan shi ne bambancina da Peirona. Na ci su.

Talata, 29 ga Mayu

Magatakarda ya biyo ta bayan gidana, wai yana son zuma da tsumma mai tsabta, wai don wani alfadari. Na ba shi. Na ce ya gaya wa alfadarin safe da yamma ne.

Lahadi, 3 ga Yuni

Hukunci a gaban coci, gari duka a tsaye. Mu tara aka ba gicciyen ƙyalle mai ruwan ƙwai, ɗaya a ƙirji, ɗaya a baya, shekara uku ba cirewa. Na karɓi nawa kai a sama. Aka jefa littafin a wuta, fatar ta nannaɗe tana ƙauri. Su ƙone. Daga farkon labarin har ƙarshe yana kaina.

Sai aka karanta sunan Isarn. Wai ya mutu cikin bidi'a, ba zai kwana a ƙasar da aka tsarkake ba. Za a tono shi. Gidansa a rushe, injinsa ya koma hannun hukuma.

Sebelia 'yarsa tana tsaye kusa da ni da goyo. Mijinta ya mutu bara. Injin nan shi ne abincinsu.

Ban san ana yin haka ba. Wa ya sani?

Laraba, 6 ga Yuni

Sun tono shi. Aka ja ƙasusuwan a cikin kwando ta tsakiyar gari, mai shela a gaba. Da aka cinna wuta Sebelia ta kufce wa masu riƙe da ita ta cusa hannu biyu a ciki.

Gidana aka kawo ta. Ruwan sanyi, farin ƙwai, zuma, ganye mai faɗi a sama. Ba ta ko ce wash ba. Ina naɗewa ta ce, "Inna, Peirona ce ko? Kowa ya ce ita ce. Wadda ta sayar da ke, wa za ta bari?"

Na ce, "Riƙe hannun sama."

Alhamis, 7 ga Yuni

Sebelia da yaranta uku suna ɗakin Guiraut. Ba su da inda za su. Ni ke ba ta abinci a baki.

Mata bakwai sun zo gindin ɓaure, na ba su labarin da ka, da gicciyena a ƙirji. Sai yaba mini suke, wai kwana uku a rami ban sayar da kowa ba, wai ni ce Galart ɗin Belroca. Na yanke labarin a tsakiya. Na ce kaina ke ciwo.

Litinin, 11 ga Yuni

Masu alkyabba sun tafi gari na gaba. Fada Sicard da ƙafarsa ya taka zuwa wurin alfadari, ba sanda.

Su ne suka tono shi. Su suka kunna wutar, su suka rushe gidan. Ni magana kawai na yi, kuma gaskiya na faɗa. Duk wanda yake son ɗora wa wani laifi ya bi su.

Alhamis, 14 ga Yuni

An jefi Peirona da dutse a bakin rijiya, goshinta ya fashe. An hana yaranta gasa burodi a tandun gari.

Ba ni na jefa ba.

Lahadi, 24 ga Yuni

Ranar Yohanna Mai Baftisma. Na fita da sassafe na tsinko furen rawaya tun raɓa ba ta bushe ba, na jiƙa a man zaitun, sai ya yi ja a shafa wa Sebelia. Hannun dama zai warke. Na hagu yatsu biyu sun manne.

Ina sauya mata ɗauri ta ce, "Inna, da ba don ke ba, da mun mutu. In na warke da hannun nan zan shaƙe matar can."

Na gama ƙulla tsumman tukuna, don kada in bar aiki a rabi. Sannan na ce, "Ba Peirona ba ce. Ni ce. Na ɗauka matacce ya fi ƙarfinsu."

Ta dube ni kamar na yi wani yare. Can ta ce, "Kina ba ni abinci a baki."

Na ce, "E."

"Kwana goma sha takwas kina kallon ana jifanta."

Na ce, "E."

Ta tattara yaranta ta fita. Ba ta iya ɗaukar ƙunshin kayanta ba, babbar 'yarta ce ta ɗauka.

Alhamis, 28 ga Yuni

Ba wanda ya zo gindin ɓaure. Na ba kaji labarin. Su ma tsakiya suka watse.

An ce Sebelia tana gidan kawunta. Na aika da man, ba a dawo da shi ba. Ba a kuma aiko da komai ba.

Talata, 3 ga Yuli

Na je gidan Peirona. Ba don komai ba, an ce toka ta cusa a ciwon, ni kuwa ba na iya jin an yi wa ciwo wauta in zauna.

Ya yi ruwa, kamar yadda na zata. Na zaunar da ita a bakin ƙofa inda haske yake, na wanke da ruwan inabi. Ta rame ƙwarai. Ƙaramin ɗanta ya ɓuya a bayan tulu yana leƙen gicciyena.

Ta ce, "Sebelia ta zo ta gaya mini. A bakin rijiya ma ta faɗa, kowa ya ji."

Na ce, "Daina motsi."

"Kwana nawa kika yi a ƙasa kafin ki faɗa?"

"Uku."

"Ni ko wuni ban cika ba."

Na ce, "Ba tsere muke yi ba. Ɗaga kai."

Ta ɗaga. Ina shafa zuma ta ce, "Da zafi, Yaya." Sai ta kama bakinta. Na ci gaba da shafawa.

Ban yafe littafin ba, kada wani ya ce na yafe. Ita ma ban tambaye ta komai game da kwana goma sha takwas ɗin ba, ba ta kuwa tayar ba. Ta ba ni miyar wake a ƙwarya, gishiri ya yi yawa kamar kullum, na shanye.

Na ce mata gobe zan dawo in sauya ɗauri, jibi ma haka. A gaskiya ciwon bai kai nan ba. Amma ni ce mai magani, ni ke faɗin abin da ciwo yake bukata.