Wayar da Na Sake Tufkawa

Maradun, Litinin

Zuwa ga ɗana Mukhtar a Talata Mafara,

Bayan gaisuwa da tambayar iyali da gajiyar shago. Sadi tela ke rubuta mini, kuma na hana shi gyara magana.

Na ji ƙanwarka Zuhura ta sauka lafiya a Fatakwal, namiji. Alhamdu lillahi. Ka ce ran suna zan gan shi cikin kwamfutar da ka aje mini. To, kwamfutar ta daina magana da kowa.

Wayar intanet da ka jawo daga gidan ƙanena Yari, ka kewayo da ita ta zaure, akuya ta taune ta kusa da ɗakina. Na feɗe rigar wayar, sai ga zare takwas an murɗe su biyu-biyu, wani da ƙarfi wani sako-sako. Tun ban yi gemu ba nike tufka igiya, ban taɓa ganin aikin ganganci irin wanga ba. Na warware su, na yi musu tufka ta ƙwarai, na ƙulla ja da ja. Duk da haka shiru. Kayan banza sunka sayar maka.

Kuma tun farko don mi ka kai akwatin intanet gidan Yari? Mutumin da ya cire igiyata daga rijiyar gado ya sa ta leda, gaban jama'a. Don shi na tada katanga tsakaninmu.

Mahaifinka,
Jatau

Talata Mafara, Laraba

Baba,

Ina gaisuwa da girmamawa. Allah ya ƙara lafiya.

Na yi dariya har almakashi ya faɗi daga hannuna, a gafarce ni. Murɗin nan da gangan masu ƙera ta suka bambanta shi, don kada saƙon wani zare ya shiga na wani. Kuma babu ja a ciki, Baba. Akwai ruwan lemo, akwai ruwan ƙasa, ina jin su kuka haɗa.

Sai an yanke wurin da ya lalace an sa sabon kai, launuka su jeru daidai da na kan da ke gidan Baba Yari. In jerin ya saɓa, ba za ta yi ba. Akwatin yana can ne don shi ke da sola, kuma kaurin katangarku ya hana intanet ɗin ratsowa ta iska.

Ina da aiki a Bakura har bayan suna. Filayar matse kai da sauran kawuna suna wurin Baba Yari, na koya masa. Ku yi masa sallama kawai.

Ɗanku mai biyayya,
Mukhtar

Maradun, Alhamis

Mukhtar,

Gaisuwa. Ba ni zuwa. A kawo mini yaron in ya yi wayo.

Jatau

Maradun, Lahadi

Ɗana Mukhtar,

Bayan gaisuwa mai yawa. Kada ka ce na je. Tsayawa na yi jikin katanga na yi tari, Yari da kanshi ya taho da filayarshi.

Ya ce, “Yaya, wa ya yi wa waya kitso?” Na ce akuya. Ya ce, “Akuyar ta iya tufka.”

Hannunshi rawa yake, nawa ido bai raba launi. Shi ya riƙa kiran launi, ni ina jera zaren. Da munka yanke ɓarnar sai waya ta gaza kewayowa ta zaure. Munka tsaya muna kallon katanga. Ni na gina ta, don haka ni na ɗauko diga.

Yau ran suna mun ga yaron cikin kwamfuta. Kunnuwana ne sak, Yari na gardama wai nashi ne. Da liman ya ce Abdulhamid, Yari ya buge ni a kafaɗa, don ni kaina na manta sunana ke nan na yanka. Zuhura ta ga kawunanmu biyu cikin allo guda, ta yi ta dariya.

Ramin ya ɗan fi waya girma, ƙwaryar fura na wucewa. Kada ka turo mai toshewa.

Zancen rijiya kuwa ban yafe ba. Na dai fara tufka sabuwar igiya.

Mahaifinka,
Jatau