Jan Farcen Barakatu

Asabar, 8 ga Safar, 1397

Allah Ya yafe mini ɓarnar takarda a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ba ni da wanda zan gaya wa ne.

Barakatu ta zo daga Kankara yau, ita da ƙanwar mijinta Asma'u. Cikin ya fito, wata biyar. Ita kaɗai ta rage mini cikin waɗanda na haifa, don haka ko kunyar kallonta ban yi ba. Ta kawo mini burodi da madarar gwangwani da wani kwanon samira mai furanni. Tun da mijin nata Harisu ya fara jan babbar mota ba su rasa komi ba.

Da Azahar na miƙa mata buta. Sai na ga hannun. Farcen nan goma ja wur, suna ƙyalli kamar murfin kwanon da ta kawo. Ruwa ya zuba a kai ya zame, ko jiƙa bai yi ba.

Lahadi, 9 ga Safar

Na tambaye ta a hankali, ina tsince shinkafa. Ta ce jan farce sunansa, a kwalba yake zuwa, duk matan Kankara shi suke sawa, har da waɗanda suka je Makka. Lalle kuma sai tsofaffi. Asma'u ta ce, "Gwaggo, kawo naki mu shafa miki, ko Allah Ya sa a samu mijin ƙarshe." Suka yi ta dariya. Ni ma na yi, don kada a ce.

Talata, 11 ga Safar

Na je wurin Malam Gide, limamin unguwarmu. Ban faɗi suna ba, na ce wata ce. Ya ce lalle rini ne, ruwa yana ratsa shi, amma duk abin da ya yi ɓawo a kan farce ya hana ruwa taɓawa, babu alwala. In babu alwala kuwa, na san sauran.

Tun bayan Babbar Sallah take sawa. Ga ciki. Mace mai ciki ba ta san ranarta ba.

Na faɗa mata da na dawo. Ta ce, "Inna, ke komi haramun ne. Bara ma kin ce rediyo." Ban ce rediyo haramun ba ne. Cewa na yi a rage shi in ana kiran salla.

Laraba, 12 ga Safar

Na yi abin da bai kamata ba.

Bayan Azahar barci ya ɗauke ta a kan tabarma, hannu a shimfiɗe. Tun tana ƙarama in ta yi barci ko ganga aka buga ba ta ji. Na ɗauko sabuwar reza, na ce in kankare ko na hannun dama ne. Uku sun fita lafiya. A na huɗu ta motsa, rezar ta shiga nama. Jini ba yawa, amma ta farka da kuka kamar yarinyar goye.

Na ɗaure mata da tsumma. Abin da na kankare kuma, da audugar da na share jinin, na ƙulle a ganye na kai bayan ɗaki na binne, yadda aka koya mana a yi da farce da gashi. Ina tone ƙasa na ɗaga kai, Asma'u tana tsaye tana kallona. Ta juya ta koma ciki.

Kafin La'asar sun haɗa kaya. Kwana bakwai suka zo yi.

Alhamis, 5 ga Rabi'ul Awwal

Shiru. Motar Harisu ta wuce ta bakin titi ɗauke da auduga, an ce bai tsaya ba.

Juma'a, 11 ga Rabi'us Sani

Watan bakwai ke nan, lokacin goyon ciki. Haihuwar fari a gaban uwa ake yi, haka uwata ta yi mini. Na sa an yi wa ɗakin sabon daɓe, na tara itacen wankan jego har ya kai katanga, na sayi kanwa. Na aiki ƙanena Rabo ya je ya roƙi a ba mu ita.

Ya dawo da yamma yana ta kewaye-kewaye. Da na matsa ya ce Hajiya Larai, uwar Harisu, ta ce a Kankara za ta haihu, akwai asibiti kusa. Na ce faɗi sauran. Ya ce ta ce ba za ta kai jikanta gidan da ake yankar farcen mai ciki tana barci a binne da jini ba.

Ni. Ni da ko laya ban taɓa ɗaura wa yarinyar nan ba.

Na ce ita Barakatun mi ta ce? Ya ce tana zaune, kanta a ƙasa, tana wasa da zobe.

Litinin, 13 ga Jimada Ula

Barau mai koli ya shigo unguwa da kekensa. Da can allura da kwalli da turare yake kawowa. Yanzu har da gashin kanti, da wani madubi mai hoton mace a bayansa, da kwalaben nan jere kamar barkono. 'Yan mata sun rufe shi.

Da suka watse na ce masa, shi wannan abu in an shafa sai reza? Ya yi dariya har yana riƙe keke. Ya ɗauko wata kwalba mai farin ruwa, ya ce a ɗiga a auduga a shafa, shi ke nan, ko minti ba a yi. Ya ce ai tare ake sayensu, duk mai wannan tana da wancan.

Ke nan wataƙila tana da shi. Wataƙila tana gogewa wani lokaci. Ban tambaye ta ba. Ban san akwai abin tambaya ba.

Asabar, 16 ga Jimada Sani

An yi ruwa, kowa ya tafi shuka. Itacen ya jiƙe, ban rufe shi ba.

Talata, 19 ga Jimada Sani

Ta sauka jiya, mace. A bakin wata mai sayar da nono na ji. Alhamdu lillahi, duka suna lafiya. Na shiga ɗakin da na yi wa daɓe na yi raka'a biyu, na daɗe ban fito ba.

Da yamma saƙon Hajiya ya iso. Wai in akwai kayan gara a ba Rabo ya kai, kada in wahalar da kaina da hanya, damina ce.

Alhamis, 21 ga Jimada Sani

Na haɗa kayan. Gero, kanwa, yaji, man shanu, zannuwa biyu.

Barau ya zo jiya. Na jira har kowa ya tafi. Na ce ya ba ni farin ruwan nan. Ya ce shi kaɗai? Na ce ya haɗa da ɗayan. Ya tambayi wane launi, na ce wanda ya fi ja. Mai jego ba ta salla sai ta yi arba'in, babu alwalar da zai hana. Na duba wannan sosai, ban ga laifi ba. Ban dai kai wa Malam Gide maganar ba.

Ba na aika abin da ban gwada ba. Da hantsi na shafa jan a ƙaramin farcena na hagu, don in tabbata ruwan yana cire shi. Wari gare shi kamar fenti. Yana cirewa tas. Sai dai ban goge nan da nan ba, na bar shi har aka kusa kiran Azahar. Ina tankaɗe ina ganinsa.

Na tura kwalaben cikin ƙullin yaji, inda ita kaɗai za ta buɗe. Na ce wa Rabo kada ya ba Hajiya, kada ya ba Asma'u, ya sa a hannunta. Ya ce in ta tambaya fa? Na ce ba sai ya yi bayani ba. Na ce ya dai gaya mata ɗakin yana nan, itacen zai bushe. In za ta zo, ina roƙo ta aiko mini da amsa da wuri, ko da a'a ce.